Yadda Ake Shirya Gangamin Talla a Kafofin Sada Zumunta, da Yadda Tawaga Ke Raba Aikinsa

A ranar 3 ga Fabrairun 2013, ana tsakiyar wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka da ake kira Super Bowl a birnin New Orleans, sai wutar lantarki ta ɗauke a wani ɓangare na filin, aka dakatar da wasa na tsawon minti 34. Tun kafin wutar ta dawo, masu tallan biskit ɗin Oreo sun riga sun wallafa hoto a Twitter, biskit guda ɗaya a gefen duhu, da gajeren rubutu mai nuna cewa rashin haske ba ya hana a ci. Dubban mutane suka yaɗa hoton a daren, kuma har yau ana kawo shi misali a darussan talla. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda aka yi saurin ya yiwu. A wannan daren ma'aikatan kamfanin talla na 360i, masu rubutu da masu zane, suna zaune wuri ɗaya da wakilan Oreo waɗanda ke da ikon amincewa, saboda haka da dabarar ta zo ba a jira saƙon imel ba, ba a nemi wani shugaba a waya ba.

Na fara da wannan labari ne domin shi ne jigon abin da zan faɗa. Hoto ko bidiyon da jama'a ke gani shi ne ƙaramin ɓangaren aikin, kuma yawancin gangamin da ya faɗi tun a teburin shiri ya faɗi, lokacin da aka kasa tsayar da abin da ake nema, ko aka kasa fayyace wanda zai yanke hukunci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan jagora zai bi matakan shirya gangami daga manufa har zuwa bita, kuma zai fi daɗewa a kan yadda mutanen da ke aikin suke tafiyar da junansu, domin a ganina nan ne aka fi yin sakaci.

Manufa guda ɗaya

Kafin a ɗauki hoto ko a rubuta kalma, tawaga ta zauna ta rubuta jimla ɗaya da ke bayyana abin da ake so ya faru, da adadinsa, da ranar da za a duba. Cewa ana so a ƙara shahara ba manufa ba ce, domin babu ranar da wani zai iya tashi ya ce an cimma ta ko ba a cimma ba. Amma idan aka ce ana so mutum 500 su yi rajistar wani kwas kafin ƙarshen wata mai zuwa, kowa ya san inda aka dosa, kuma duk shawarar da ta taso daga baya ana iya gwada ta da wannan jimla.

Manufofin talla sukan kasu gida uku: a sa wanda bai san kayan ba ya sani, a sa wanda ya sani ya fara tunanin saye, ko a sa wanda ke tunani ya saya. Kowanne yana da irin saƙonsa da irin ma'auninsa, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗora dukkansu a kan talla guda. Taura biyu ba ta taunuwa. Bidiyon da aka yi don ya ba baƙo dariya har ya riƙe sunan kamfani ba shi ne zai gamsar da wanda ke kwatanta inganci da na wani kamfani ba, kuma idan aka cusa masa bayanin garanti da hanyar biya da adireshin ofis, dariyar ma sai ta tafi. Manhajojin talla da kansu suna tilasta wannan zaɓi, domin tambayar farko da tsarin tallan Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, ke yi wa mai talla ita ce manufarsa, kuma amsar da ya bayar ita ke ƙayyade irin mutanen da za a nuna wa tallan. Wanda ya zaɓi yawan kallo za a nemo masa masu kallo, ko da ba su taɓa sayen komai ta intanet ba. Mutane da yawa sukan zaɓi manufa mafi arha, sannan su yi ƙorafin cewa ciniki bai zo ba, alhali abin da suka nema shi aka ba su.

Wa ake yi wa magana, kuma a ina

Bayanin shekaru da jinsi da wurin zama yana da amfani, amma bai isa ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne damuwar da mutumin ke ciki da kalmomin da yake amfani da su wajen faɗinta. Hanya mafi sauƙi ta gano wannan ita ce karanta tsokacin da mutane ke rubutawa a ƙarƙashin tallan masu irin kayanku, da sauraron ma'aikatan da ke amsa waya ko saƙon abokan ciniki, domin su ne suka san tambayar da ake maimaitawa sau goma a rana. Haka kuma tun shekarar 2019 Meta ta buɗe rumbun tallace-tallacenta ga kowa, inda ake iya rubuta sunan kowane shafi a ga tallan da yake gudanarwa a lokacin da ranar da ya fara. Tallan da ya yi watanni yana gudana alama ce cewa mai shi yana samun riba, tun da ba wanda ke ci gaba da biyan kuɗi a kan abin da ba ya dawo da komai.

Game da zaɓen dandali, shawarata ita ce ƙaramar tawaga ta tsaya a kan ɗaya ko biyu. LinkedIn wurin ma'aikata ne da kamfanoni masu sayar wa kamfanoni, YouTube yana ɗaukar dogon bayani kuma mutane na zuwa can da niyyar bincike, X, wato tsohon Twitter, ya fi ƙarfi a labarin da ke faruwa yanzu, TikTok kuwa, da Reels na Instagram da aka ƙaddamar a 2020, suna nuna gajeren bidiyo ga mutanen da ba sa ma bin shafin mai shi. Ɗaukar abu ɗaya a watsa shi ko'ina ba tare da gyara ba yakan nuna kansa, musamman bidiyon da aka ɗauka a kwance aka matse shi cikin allon da ke tsaye.

Akwai wata gaskiya da ya kamata a riƙe: shafin da ke kan dandalin wani haya ne. A Janairun 2018 Facebook ya sauya tsarinsa ya fifita abin da 'yan uwa da abokai suka wallafa a kan na kamfanoni da kafofin labarai, shafuka masu yawa suka ga masu ganin rubutunsu sun ragu ba tare da sun yi wani laifi ba. Manhajar gajeren bidiyo ta Vine ta rufe a 2017, Indiya ta haramta TikTok a Yunin 2020, kuma a ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp duk sun tsaya na kusan awa shida. Saboda haka kowane gangami ya tanadi hanyar mayar da wasu daga cikin masu kallo zuwa wurin da kamfani ya mallaka, kamar shafinsa na intanet ko jerin adireshin imel da mutane suka bayar da yardarsu.

Saƙon kansa

Mai kallo yana gungura allo da babban yatsa, kuma hukuncin tsayawa ko wucewa yakan yanke shi cikin daƙiƙun farko. Don haka abin da ya fi jan hankali shi ake sawa a gaba, tambarin kamfani da doguwar gabatarwa su biyo baya ko a bar su. A sa rubutu a jikin bidiyo domin masu kallo ba tare da sauti ba da kuma masu matsalar ji, kuma a ƙarshe a nemi abu ɗaya tak daga mai kallo, ko ya danna, ko ya yi rajista, ko ya aiko da saƙo.

Gangamin da suka fi yaɗuwa suna da wata siffa da ta haɗa su, wato sun ba mutum abin da zai yi da sunansa ko da fuskarsa. A 2011 Coca-Cola ta buga sunayen mutane 150 da suka fi yawa a Ostareliya a jikin kwalabenta, mutane suka shiga neman sunansu suna ɗaukar hoto suna aika wa juna. A 2014 aka yi ƙalubalen zuba ruwan ƙanƙara a ka don tallafa wa bincike kan cutar jijiyoyi ta ALS, inda mutum zai ɗauki kansa a bidiyo sannan ya ambaci sunayen wasu ya ba su awa 24, kuma ƙungiyar ALS ta Amurka ta tara dala miliyan 115 a wannan lokaci. Dabarar tana cikin ambaton sunan, domin kowane bidiyo yana ɗauke da gayyatar na gaba. Spotify ma, dandalin sauraron waƙoƙi, a ƙarshen kowace shekara yana ba mai saurare taƙaitaccen tarihin abin da ya saurara, shi kuma ya wallafa da kansa saboda labarinsa ne. Sai dai ina gargaɗin kada a gina kasafi a kan fatan abu zai bazu haka, tun da ƙalubalen ƙanƙarar ma ba ofishin talla ne ya ƙirƙiro shi ba.

Talla mai ƙarfi a kan kaya marar kyau kuwa hanzarta faɗuwa take yi. An tallata bikin kaɗe-kaɗe na Fyre na 2017 a tsibiran Bahamas ta hannun fitattun masu tallan ado a Instagram, tikiti suka sayu, amma da mahalarta suka isa babu masaukin da aka yi alkawari, babu bikin, kuma a 2018 kotu ta yanke wa wanda ya shirya shi, Billy McFarland, ɗaurin shekara shida saboda zamba. Wayoyin da suka yaɗa tallan su ne suka yaɗa hotunan abin kunyar. Kafin a wallafa kowane alkawari, a tambayi sashen da zai cika shi ko zai iya.

Kuɗi, gwaji da lissafi

Tallan da ake biya a waɗannan dandali gwanjo ne da ke gudana duk lokacin da wani ya buɗe manhaja. A tsarin Meta, mai nasara ba lallai ne wanda ya fi sa kuɗi ba, domin ana haɗa abu uku: tayin mai talla, hasashen yiwuwar mai kallo ya aikata abin da ake nema, da ingancin tallan. Ma'anar wannan ita ce talla mai kyau tana sayen kallo da arha fiye da marar kyau, kuma gyaran saƙo sau da yawa ya fi ƙarin kasafi amfani. Haka nan sabuwar talla tana shiga wani zango na koyo, wanda Meta ta ce yakan buƙaci kimanin sakamako 50 a cikin mako kafin tsarin ya daidaita, kuma duk babban gyaran da aka yi yana mayar da shi farko. Wanda ke shiga yana sauya hoto da kasafi kullum safiya saboda zumuɗi, shi ke hana tallarsa tsayawa da ƙafarta.

Gwaji yana da ƙa'ida ɗaya da ba a karya ta, wato a sauya abu guda a bar sauran yadda suke. Idan ana so a san wane kanun rubutu ya fi, a bar hoto ɗaya da masu kallo iri ɗaya da lokaci ɗaya. Idan aka sauya kanu da hoto tare, ko an ga bambanci ba a san dalilinsa ba. A kuma jira adadi ya taru, domin bambancin danna bakwai da danna tara ba hujja ba ce. Yana da kyau a ware wani ƙaramin kaso na kasafi don gwaji tun farko, sannan a zuba sauran a kan abin da ya yi nasara.

Wajen lissafi, a bi sawun mutum daga gani zuwa saye. A ɗauka, a matsayin misali kawai, mutum 10,000 sun ga talla, 200 sun danna, 10 sun saya. Kashi 2 cikin ɗari ne suka danna, kuma kashi 5 cikin ɗari na waɗanda suka danna ne suka saya. Idan aka raba kuɗin da aka kashe gida 10 an sami abin da kowane mai saye ya ci, kuma wannan adadi ne ake kwatantawa da ribar da ake samu daga gare shi. Lissafin yana kuma nuna inda yoyon yake. Idan masu gani ba sa dannawa, matsalar tana ga saƙon ko ga waɗanda aka zaɓa a nuna wa. Idan suna dannawa amma ba sa saye, a duba shafin da suke sauka a kai, wataƙila yana jinkirin buɗewa a waya ko fom ɗinsa ya yi tsawo. Yawan mabiya da alamar so suna faranta rai a taro, amma ba su ne ke biyan albashi ba.

Don sanin inda kowane baƙo ya fito, ana liƙa wa mahaɗin shafi 'yan alamomi da ake kira UTM, waɗanda manhajar ƙidayar maziyarta shafi ta Google Analytics ke karantawa. Tawaga ta amince da salon rubuta su guda ɗaya, in ba haka ba dandali ɗaya zai bayyana da suna uku a rahoto. A kuma sani cewa alƙaluman ba cikakku ba ne. Tun da Apple ya fitar da iOS 14.5 a Afrilun 2021, dole manhaja ta nemi izinin mai waya kafin ta bi sawunsa a wasu manhajoji, kuma a farkon 2022 Meta ta ce sauyin zai rage mata kuɗin shiga da kimanin dala biliyan 10 a wannan shekara. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, da ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, ita ma ta taƙaita yadda ake tattara bayanan mutane. Saboda haka a riƙa kwatanta rahoton dandali da littafin cinikin kamfani, kuma idan suka saɓa, littafin ciniki ake bi.

Tawaga: wa ke riƙe da me

Gangami yana buƙatar ayyuka kamar shida: tsara dabara, rubutu, zane da bidiyo, sayen talla, amsa wa jama'a, da nazarin alƙaluma. A ƙaramin kamfani mutum biyu na iya ɗaukar dukkansu, kuma ba laifi. Laifin shi ne a bar wani aiki ba tare da sunan mutum ɗaya a gabansa ba. Injiniyan noma ɗan Faransa Max Ringelmann ya wallafa wani bincike a 1913 da ya nuna cewa idan mutane suna jan igiya tare, ƙarfin da kowannensu ke sawa yana raguwa gwargwadon ƙaruwar yawansu. Haka abin yake a ofis. Idan aka ce kowa ya riƙa duba saƙonnin abokan ciniki, za a wayi gari saƙo ya kwana uku ba amsa, kowa yana zaton ɗan uwansa ya gani. A rubuta sunan mai aiki da sunan wanda zai maye gurbinsa idan ba ya nan, a ajiye a wurin da kowa ke gani.

Yawan mutane ma yana da farashinsa. Tsakanin mutum biyar akwai hanyoyin magana 10, tsakanin mutum goma kuwa 45 ne, don haka ninka tawaga sau biyu yana ninka wahalar fahimtar juna fiye da sau huɗu. Wannan ne ya sa ƙara hannaye a gangamin da ya makara ba ya cika ceto shi.

Takardar da ke haɗa kan kowa ita ce taƙaitaccen bayanin gangami, kuma kada ta wuce shafi ɗaya. A cikinta a sa manufa, da wanda ake yi wa magana, da saƙo guda da ake so ya riƙe, da kasafi, da ranaku, da abubuwan da ba za a faɗa ba. Amfaninta yana fitowa ne ranar gardama. Idan mai zane ya kawo aiki wani ya ce bai yi masa ba, tambayar da ta dace ita ce wane layi na takardar aikin ya saɓa wa. Idan babu, to ra'ayi ne, kuma ra'ayin wanda aka ba aikin shi ke gaba. Gyara mai amfani yana ambaton matsala ya bar wa mai sana'a maganinta: a ce rubutun ba ya karantuwa a ƙaramin allo ya fi a ce a mayar da shi ja.

Sai batun amincewa, wanda shi ne ya kashe dabaru masu kyau fiye da rashin kuɗi. Idan kowane rubutu sai ya bi ta hannun mutum biyar, abu biyu ke faruwa: lokacinsa ya wuce, kuma kowane mai dubawa ya cire abin da ya ba shi tsoro har a bar rubutu marar laifi kuma marar ɗanɗano. Mafita ita ce a kasa abubuwan da ake wallafawa bisa haɗarinsu. Amsoshin yau da kullum da rubutun da ke cikin jadawali, mai kula da shafi ya wallafa da kansa. Sabuwar talla mai cin kuɗi, mutum ɗaya ya duba cikin wa'adin da aka yanka, kuma a amince tun farko abin da shirunsa ke nufi. Abin da ya shafi siyasa, addini, lafiya, bala'i ko iƙirarin da doka ke iya tambaya a kai, wannan sai shugaba da lauya sun gani. Old Spice, mai kayan ƙamshi da sabulun maza, ya nuna abin da irin wannan yarda ke haifarwa a Yulin 2010, lokacin da tawagar kamfanin talla na Wieden+Kennedy ta fitar da gajerun bidiyo fiye da 180 cikin kusan kwana uku, ɗan wasa Isaiah Mustafa yana amsa wa mutane ɗaya bayan ɗaya. Da kowane bidiyo sai ya jira taron manajoji, da goma ma ba a yi ba.

Amma sauri ba tare da mai iya cewa a'a ba shi ma haɗari ne. A Afrilun 2017 Pepsi ta fitar da talla inda mai tallan ado Kendall Jenner ta miƙa wa ɗan sanda gwangwanin lemo a wurin zanga-zanga, jama'a suka ga an raina gwagwarmayar masu adawa da zaluncin 'yan sanda, kamfanin ya janye tallan cikin kusan kwana ɗaya ya ba da haƙuri. Talla irin wannan tana bi ta hannaye masu yawa kafin ta fita, kuma tambayar da kowace tawaga ya kamata ta yi wa kanta ita ce ko ƙaramin ma'aikacinta zai iya ɗaga hannu ya ce akwai matsala. Farfesa Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta yi nazarin tawagogin asibiti ta tarar cewa waɗanda suka fi kyawun shugabanci sun fi ba da rahoton kurakurai, kuma bayanin da ta kai gare shi shi ne sun fi sakin jiki su faɗa. Google ma, a binciken da ya fara a 2012 kan tawagoginsa 180, ya gano cewa wannan sakin jiki shi ne kan gaba a abubuwan da suka bambanta tawaga mai nasara, fiye da ko su wane ne a cikinta.

Akwai dabara mai sauƙi ta jawo irin wannan magana, wadda masanin halayyar ɗan Adam Gary Klein ya yaɗa. Kafin a ƙaddamar, shugaban tawaga ya ce kowa ya ɗauka an riga an yi gangamin kuma ya faɗi warwas, sannan kowa ya rubuta dalilin faɗuwar shi kaɗai kafin a karanta. Wanda ke jin nauyin sukar shawarar maigidansa yanzu an ba shi aikin sukar, kuma shugaba ya yi magana a ƙarshe domin kada ra'ayinsa ya rufe bakin sauran. Minti 20 sun isa. Idan a nan aka gano cewa dabarar ba ta da kyau, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wani ƙaramin abu da ake mantawa shi ne mabuɗin shafi. A Janairun 2013, ana cikin sallamar ma'aikata a kamfanin sayar da faya-fayai na HMV a Birtaniya, sai aka ga ana ba da labarin sallamar kai tsaye daga shafin kamfanin na Twitter, domin mabuɗin yana hannun waɗanda ake sallama. Kada a raba kalmar sirri ɗaya ga kowa. A ba kowane ma'aikaci izini da sunansa gwargwadon aikinsa, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a tabbata aƙalla mutum biyu ne ke da cikakken iko, kuma a cire wanda ya bar aiki a ranar da ya bari.

Bayan an wallafa

Idan za a yi aiki da masu tasiri, wato mutanen da ke da mabiya masu jin maganarsu, a duba tsokacin da ake yi musu fiye da yawan mabiyansu, tun da mabiya ana sayensu. A rubuta yarjejeniya da ta fayyace adadin wallafa, da ranaku, da ko kamfani na da ikon sake amfani da bidiyon. Dole kuma a bayyana wa jama'a cewa talla ce. A Oktoban 2022 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta sa tauraruwar talabijin Kim Kardashian biyan dala miliyan 1.26 saboda ta tallata wani kuɗin kirifto a Instagram ba tare da ta bayyana cewa an biya ta dala 250,000 ba.

Awannin farko bayan wallafa su ne lokacin da ake buƙatar mai amsawa a kusa, don haka kada a ƙaddamar da gangami a lokacin da ofis ke shirin rufewa na kwana biyu. A tanadi amsoshin tambayoyin da ake sa ran za a yi, amma a bar wa mai amsa damar sake su da bakinsa. Ƙorafi na gaskiya a amsa shi a fili da gajeren bayani, sannan a koma saƙon sirri don karɓar bayanan mutumin. Share shi yakan sa mai shi ya dawo da hoton abin da aka share. Zagi da yaudara kuwa ana ɓoye su bisa ƙa'idar da aka rubuta tun farko. Idan wani babban bala'i ya auku, mutum ɗaya ya kasance da ikon dakatar da duk abin da aka jera a jadawali nan take. Shi kansa mai karanta tsokaci a riƙa canza shi lokaci zuwa lokaci, domin karanta baƙar magana daga safe zuwa dare yana cin rai, kuma manajoji ba su cika lura ba.

Cikin mako guda da kammala gangami, tun abubuwa ba su shuɗe a ƙwaƙwalwa ba, tawaga ta zauna bita. A fara da karanta jimlar manufar da aka rubuta a farko, a ajiye adadin da aka samu kusa da ita, ba tare da sauya ma'auni ba don a ga kamar an yi nasara. Sannan a bi abin da ya faru bisa jerin ranaku, ana tambayar me ya sa tsarin ya bari kuskure ya wuce maimakon wa ya yi shi, domin tawagar da aka kunyata mutum ɗaya a cikinta za ta koyi ɓoye kuskure na gaba. A ambaci gudummawar waɗanda aikinsu ba ya fitowa a allo, kamar wanda ya gyara shafin saye ko wanda ya kwana yana amsa saƙo. A ƙarshe a rubuta sauye-sauye biyu ko uku kacal, kowanne da sunan mai aiwatar da shi da rana, a haɗa su da hotunan tallan da alƙalumansu da takardar bayanin farko a ajiye a wuri ɗaya, inda wanda zai jagoranci gangami na gaba zai buɗe kafin ya rubuta tasa jimlar manufar.